Kwanso Mai Tsaga Uku

Ranar Laraba da hantsi aka tsinci gawar Sarbiland a bakin ramin kwal ɗinsa, rub da ciki, takalmi ɗaya ya fice. Harbi ɗaya tak aka yi masa. Babu wanda ya ce ya ji ƙara, kuma ba ƙarya suka yi ba, don mu nan kwarin Zarkamar tun asuba maƙera ke gwada bindigogi a jikin dutse har magariba. Wa zai ajiye kofin shayinsa saboda ƙarar harbi?

Kafin azahar mutanen Malik Yarbaz, uban mamacin, suka tsinci kwanson harsashi a kan tudun da ke kallon ramin. Ƙaton kwanso ne irin na farautar awakin dutse, mai zobe mai kauri a gindinsa, wanda maƙera ke kira ɗamara. A jikin ɗamarar akwai 'yan tsaga uku na magagari.

Shi ke nan, gari ya gama shari'a. Kowa ya san tsohon maƙerin nan, Usta Kiyalmat, shi kaɗai ke tsaga ɗamara duk sanda ya sake ɗura kwanso, don ya san sau nawa tagullar ta sha wuta. Kowa ya san ba ya sayar da harsashinsa, daidai cikin bindigarsa yake matse su. Kuma mako biyu da suka wuce, a tsakiyar kasuwa, ya ce wa Sarbiland in motar kwal ta sake bi ta garkar rummansa zai fasa tayar ya fasa mai tayar.

Malik ya gitta babbar mota a mashigin kwarin, hanya ɗaya tilo da muke da ita, ya zuba mutane a kan duwatsu. Wasu arba'in suka kewaye gidan Kiyalmat, suka datse bututun ruwa. Rai goma sha ɗaya ne a ciki, biyar jikoki. Da ƙyar dattawan jirga, majalisar da ke yanke mana shari'a, suka samu wa'adi: zuwa bayan sallar Juma'a. In ba a kawo wani mai laifin ba, a miƙa tsohon ga Malik, a cinna wa gidan wuta kamar yadda aka saba.

Sannan suka aika a kira Shamroz mai bin sawu, suka damƙa masa kwanson amana.

*

Shamroz ya ba sittin baya, gwiwoyinsa sun fara yi masa gardama, amma idonsa bai tsufa ba. Da ya iso bakin ramin bai dubi inda jinin yake ba. Ya dubi wani tsohon bakin rami da ke gefe, wanda aka toshe da duwatsu da siminti.

Shekara biyu ke nan wuta ta tashi a can ciki. Sarbiland ya sa aka toshe bakin don kada kwal ɗin ya cinye, alhali akwai ma'aikata shida a ciki. Ɗaya daga cikinsu Turyalai ne, autan Shamroz. Jirga ta zauna, aka jawo raguna ƙofar gidajen da aka yi wa rashi, aka nemi yafiya. Kiyalmat ne, abokinsa tun na ƙuruciya, ya kama gemun Shamroz ya roƙe shi ya karɓa, kada jini ya ci gaba da zuba. Ya karɓa. Babban ɗansa Zarwali ya tashi daga zauren bai taɓa naman ba.

Ya hau tudun yana haki. Nekzada, ƙanen mamacin, yana biye da shi, ya nuna masa wani faffaɗan dutse.

"Nan muka same shi, Baffa. A sarari, yana ƙyalli."

"A sarari," in ji Shamroz. "Kai, tun da uwarka ta haife ka, ka taɓa ganin mutumin kwarin nan ya yi harbi ya bar tagulla a ƙasa?"

"Tsoro ne ya kama shi."

"Kiyalmat? Mutumin da ya taɓa shiga rijiya saboda kwanso ɗaya?"

Ya kore shi gefe, ya durƙusa. Ya daɗe yana rarrafe. Babu sawu ko ɗaya. Wanda ya hau tudun nan kan duwatsu kawai ya taka, ya kauce wa ƙasa mai laushi, ya kauce wa ciyawa. Can ƙasa kaɗan sai ya ga wata 'yar tsakuwa da ƙafa ta ture, mai ita ya tsaya ya mayar da ita raminta, har ya juya gefen da rana ta ƙona ya kalli sama. Abu ɗaya ya tona shi, ƙurar gefenta ta fashe.

Shamroz ya san wannan dabarar, tasa ce. Mutum biyu ya taɓa koya wa wannan, ɗaya yana bayan simintin can. Ya miƙe da sauri ya karkaɗe gwiwa, ya ce wa zuciyarsa ai duniya da faɗi, ba shi kaɗai ya iya kallon ƙasa ba.

"Ka ga wani abu?" in ji Nekzada.

"Na ga duwatsu."

*

Bindiga uku aka sani a kwarin masu cin harsashi mai ɗamara: ta Kiyalmat, ta Nekzada, da ta Gulzaman mai motocin kwal, wanda suka shekara biyar suna zage-zage da Sarbiland a kan hanya. Ranar Alhamis da safe Shamroz ya fara da Gulzaman.

Ya same shi a zaurensa, kunci ya kumbura, an ɗaure haɓa da rawani.

"Sannu da jiki, Gulzaman. Wa ya mare ka?"

"Likitan haƙorin garin Kohat, Allah ya isa! Haƙori ɗaya na kai masa, ya cire biyu." Ya tofar da yawu a tasa. "Na san abin da ya kawo ka. Jiya tun da sassafe ina kan kujerarsa baki buɗe. Da na dawo, da ƙyar 'yan iskan Malik suka bar ni na shiga gidana. Ka tambaye su."

"Ka yi baƙin ciki da rasuwar?"

"Wallahi ban yi ba. Amma ni da zan kashe shi, da mota zan bi ta kansa, kowa ya gani. Ka sha shayi mana."

Shamroz ya sha koren shayin yana kallon ƙafafun mutumin. Faffaɗan takalmi mai tafin taya, dunduniya a ciye ta waje. Wannan in ya hau tudu, makaho ma zai bi sawunsa.

Nekzada kuwa, ana ta raɗe-raɗin cewa yanzu ramukan duka nasa ne. Da Shamroz ya taɓo zancen sai ya fashe da kuka, kuka na gaske har da majina.

"Baffa, ni? Jiya ka ga yadda na hau tudun nan, sau uku ina zama. Bindigar ma Baba ne ya saya mini don a daina yi mini dariya. Na harba sau biyu, ta kusa cire mini kafaɗa, na rataye ta."

Ya kawo ta. Shamroz ya leƙa bakinta, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Ya mayar masa, ransa a jagule. Da ya so ɗayansu ya yi masa ƙarya, ko 'yar ƙarama ce.

*

Da azahar Shamroz ya nufi gidan Kiyalmat. Masu gadi suka laluba shi, suka ƙwace gorar ruwan da ya rataya.

"Haba, jama'a, akwai yara a ciki."

"Umarnin Malik ne, Baffa."

An toshe tagogi da buhunan yashi, gidan ya yi duhu da rana tsaka. Zafi kamar cikin tanda. Wata jaririya tana kuka, muryarta ta dishe. Matar Kiyalmat ta gaishe shi daga bayan labule, ta ba shi haƙurin rashin shayi, kuma wannan haƙurin ya fi zagi yi masa ciwo.

Kiyalmat yana zaune a maƙerarsa, leɓɓansa sun tsattsage.

"Makahon kare, sai yau ka ga dama?"

"Tsohon ɓarawon tagulla, ai ga abin da bakinka ya jawo maka." Shamroz ya zauna, ya kwance ƙullin hankici. "Naka ne?"

Kiyalmat ya kai kwanson wajen wata 'yar kafa da haske ke shigowa. Ya juya shi, ya shafa da babban yatsa.

"Tsagar tawa ce. Amma ba cikina ya kwana ba."

"Yi mini magana irin ta mutane."

"Dubi nan, saman ɗamara. Ka ga wannan farin zoben? Tagulla ce ta miƙe har ta kusa tsinkewa." Ya jawo numfashi. "Jakan kasuwa suna zaton in ɗamara ta zauna daidai, an gama. Ɗamara tana tsayar da gindin harsashi ne kawai. Can gaba, inda kwanson ke da kafaɗa, kowace bindiga da zurfin ɗakinta. In aka harba, tagulla takan kumbura ta cika ɗakin, ta ɗauki siffarsa. Shi ya sa ni ba na danne kafaɗar nawa, ina barinta daidai ɗakin bindigata, ko gashi ba ya shiga tsakani. Nawa ba sa miƙewa. Wannan kuwa an sa shi a ɗakin da ya fi shi tsawo, ya yi ta miƙa yana neman bango."

Ya sauko da bindigarsa, ya zura kwanson, ya tura sakata. Ta tafi, ta tafi, sai ta cije. Ya danna da tafin hannu, ta ƙi rufuwa.

"Ka gani? Ya yi wa ɗakina tsawo. Yanzu bindiga ɗaya ce zai kwanta a cikinta lafiya, wadda ta harba shi."

Farin ciki ya taso wa Shamroz, bai kai ko'ina ba ya koma.

"Wa ka taɓa ba harsashinka, Kiyalmat?"

"Ban taɓa sayarwa ba."

"Ban ce sayarwa ba."

Kiyalmat ya ɗago ya dube shi. Jaririyar tana ta kuka a ciki.

"Na tsufa," in ji shi. "Ba na tuna komai."

Ƙarya yake yi, kuma dukansu sun sani. Shamroz yana wurin, wata ƙaramar Sallah, da Turyalai ya shigo maƙerar nan da sabuwar bindiga yana washe baki. Kiyalmat ya leƙa cikinta ya yi tsaki, ya ce wanda ya haƙa ɗakin nan hannunsa ya zarce. Amma ya ga murnar yaron, ya ƙirga harsashi biyar daga nasa ya zuba masa a tafi, goron Sallah. Bayan wutar ramin, uwar yaron ta sa bindigar a akwati, gari ya manta da ita.

"Ka nuna wa jirga abin da na nuna maka," in ji Kiyalmat. "Ka tsaya a nan. Kada ka ƙara komai."

"In bai ishe su ba fa?"

"Na ce ka tsaya a nan, kurman banza."

*

Juma'a da safe Shamroz ya buɗe akwatin a gidansa. Ƙamshin sabon mai ne ya fara dukan hancinsa. A cikin 'yar jakar fata harsashi huɗu. Kwanson yana aljihunsa, bindigar tana hannunsa, amma ya kasa haɗa su.

Gulandam, matarsa, tana tsaye a bakin ƙofa da ƙullun gurasa a hannu.

"Mayar da ita," ta ce.

"Kin sani?"

"Ni na wanke wa Zarwali kayansa." Ta ajiye ƙullun. "Ɗaya rami ya cinye, ka ci nama ka yi shiru. Ɗayan kuma da hannunka za ka miƙa? Ka ji tsoron Allah, uban Zarwali."

Zarwali ya shigo daga tsakar gida, dogo, shiru-shiru, ya tsaya bayan uwarsa. Bai sunkuyar da kai ba.

"Baba, ƙasa ta gaya maka wani abu?"

"Tsakuwa ɗaya."

"Na san za ka gan ta. Na ce ko ka gani ba za ka faɗa ba."

"Kisan Sarbiland na gane," in ji Shamroz. "Allah ya sani na gane. Amma Kiyalmat? Mutumin da ya yanka ragon sunanka?"

"Shi ya kama gemunka. Kwana biyu muna jin suna buga dutse daga ciki, Baba. Kwana biyu! Sannan ya zo ya ce a ci nama. To shi ma ya ji yadda ake ji in an toshe ƙofa."

"Akwai jaririya a gidan."

Nan ne idon Zarwali ya kauce. "Ban zaci za su datse ruwa ba."

"Ka hau dutse ka tafi. Ka fi kowa iya ɓoye sawu."

"Mutanen Malik suna kowane mashigi, na duba jiya. Ko da babu su ma, in na gudu wannan gidan za su ƙona, da Inna a ciki."

Shamroz ya zauna a bakin gado. Shekara arba'in yana nemo wa mutane hanya a inda babu hanya, yau ya duba gabas ya duba yamma bai ga tasa ba. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba. Da aka yi kiran salla ya naɗe bindigar a cikin bargonsa. Gulandam ta riƙe gefen bargon.

"Ba zan buɗe ba sai dole," ya ce.

"Wa zai gaya maka dolen ta yi?"

Ya zare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

*

Bayan an sauko Juma'a jirga ta zauna a filin masallaci, dattawa a da'ira, jama'a a tsaye a bayansu. Malik Yarbaz yana kan darduma, idonsa ja, a bayansa jarkokin fetur huɗu a jere, kowa yana ganinsu. Liman ya shigo da Kiyalmat riƙe da hannunsa. Wani ya miƙa wa tsohon ruwa, ya ƙi karɓa, ya ce sai jikokinsa sun sha.

Shamroz ya ajiye bargonsa a gefe, ya sa aka shimfiɗa bindigogi uku a tsakiya. Ya maimaita bayanin Kiyalmat a taƙaice. Rabin mutanen wurin maƙera ne, suka yi ta gyaɗa kai, wasu suna jin kunyar ba su lura da farin zoben ba.

Liman da kansa ya gwada. Ta Kiyalmat, sakata ta cije. Wani maƙeri daga dangin Malik ya karɓa ya danna da ƙarfinsa, ta ƙi. Aka yi guna-guni.

Ta Gulzaman ta ƙi. "Alhamdu lillahi!" in ji shi ta cikin rawani. "Ko haƙorana ba su tafi a banza ba."

Ta Nekzada ma ta ƙi.

Shamroz ya saki numfashi. "Kun gani, dattawa. Ba bindigar Usta ba ce. A janye daga gidansa."

"To ta wa ce?" in ji Malik, a hankali.

"Ba ta cikin ukun nan."

"Ban ce ka gaya mini wadda ba ita ba ce." Malik ya miƙe. "Maƙeri ne. Mutumin da ke ƙera bindiga goma a wata zai rasa ta biyu a ƙarƙashin gado? Tsagar tasa ce. Bakinsa ne ya yi alkawari a kasuwa. Ɗana yana kabari, ku kuna mini wasa da sakata!"

Babban dattijon jirga ya juya ga Kiyalmat. "Usta, tsakaninka da Allah, harsashinka ya taɓa shiga hannun wani?"

Kiyalmat bai dubi inda Shamroz yake ba, ko da wutsiyar ido.

"Bai taɓa ba."

"Ka san abin da amsar nan take nufi?"

"Na sani. Ku fitar da mata da yara, ku yi abin da za ku yi."

Dattawa suka haɗa kai, ba su daɗe ba. Malik ya ɗaga hannu, samari biyu suka sunkuya suka ɗauki jarkokin.

Shamroz ya dubi tsattsagen leɓɓan abokinsa. Shekara biyu yana riƙe da mutumin nan a zuciya saboda naman rago, ga shi yau yana ƙarya a gaban masallaci, zai ba da wuyansa don ya bar masa ɗa. Ya ji kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa ido.

"Ku ajiye," ya ce.

Ba su ji ba. Ya ɗaga murya. "Na ce ku ajiye! Akwai ta huɗu."

"Shamroz," in ji Kiyalmat. "Kai, Shamroz! Zauna, don girman Allah."

Ya warware bargon. Bai ba Liman ba, da hannunsa ya karɓi kwanson ya zura. A ransa yana roƙon Allah ta cije, ko da ya san ba za ta cije ba. Ya sa yatsa ɗaya ya tura sakatar. Ta tafi sumul, ta kwanta, ta rufu da 'yar ƙara, ƙyas. Har na bayan fili sun ji.

"A buɗe wa yaran nan ruwa," ya ce. "Yanzu."

Dattijon ya yi nuni, wani ya ruga. Kiyalmat ya zube a ƙasa ya rufe fuska da rawaninsa.

Malik ya matso ya tsaya a kansa. "Ta wa ce?"

"Ta Turyalai ce. Ɗana, wanda ɗanka ya toshe a rami."

"Matacce ba ya harbi, Shamroz."

"Ba ya yi."

"To wa?"

Bakin Shamroz ya buɗe, sunan ya ƙi fita. Sai ya ji jama'a suna darewa a bayansa, wani yana tahowa a kan tsakuwar filin, ba sauri, ba ɓoyo, yana taka ƙasa da dukan tafin ƙafarsa. Shamroz bai juya ba. Ya san wannan takun tun ranar da mai shi ya saki zanen uwarsa, ya yi taku uku, ya faɗo masa a kan gwiwa yana dariya.